Ciwon da Ke Tashi a Ambursa

Arzika ya zaro gejin auna man giyar motar, ya goga shi a jikin farar takarda, ya ɗaga takardar yana duba ta a hasken hantsi kamar likita da hoton ƙirji. Injin motar na kunne. Malam Abdussamadu na tsaye a gefe, hannayensa a baya, da fuskar mutumin da ya riga ya san sakamakon ba zai yi kyau ba, yana jiran a tabbatar masa ne kawai.

"Man nan ja ya kamata ya zan," in ji Arzika. "Wanga kuwa kamar shayin da anka manta bisa wuta. Yaushe rabon a canza shi, Malam?"

"Ban sani ba. Ba ni ke riƙe irin waɗannan ranakun ba."

Arzika bai tambayi wanda ke riƙewa ba. Yana cikin sahu na biyu ranar da aka yi wa Malama Zuhura, matar Malam, sallar jana'iza, wata tara da suka wuce.

Shekara talatin da biyar Malam Abdussamadu ya yi yana koyar da tarihi a makarantar sakandare a Birnin Kebbi, kuma a lissafinsa bai wuce mutum shida ba suka saurare shi. Arzika ba ya cikin shidan. A kujerar baya ya zauna shekara uku yana zana motoci a bangon littafi, ga shi yau da furfura a gemu da gareji nasa na kansa, tsohon malaminsa kuma ya zo yana jiran hukunci daga bakinsa.

Motar 'yar Kwatano ce, mai canza giya da kanta. Ya saye ta shekara goma sha tara da suka wuce saboda gwiwarsa ta hagu ta daina jure taka kuloci. Zuhura ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ko da wasa, amma duk shekarun nan ita ta tuƙa motar da baki. Rage gudu. Ga rami. Bar mai babur ɗin nan ya wuce, ba da kai yake ba. Kowace Asabar su kama hanyar Argungu wajen 'yarsu Hanifa, su dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Bayan rasuwarta ya ci gaba da zuwa shi kaɗai, don bai san me ake yi da Asabar ba in ba haka ba.

Kuskuren da ya yi shi ne da ya gaya wa Hanifa motar ta fara fizga.

"Baba, shi ke nan ai," ta ce, da saurin wadda ta daɗe da shirya maganar. "In giyabos ne, ba ka ƙara hawanta. A ba masu kwance motoci. Ka dawo nan, ɗakinka na nan an share, har labule na sa."

Ya karanta isassun littattafai a kan yadda ake sauke sarakuna, ya san ba kullum da yaƙi ake yi ba. Wani lokaci ɗaki ake sharewa, a sa labule. Duk da haka ya yi mata alkawari: abin da makanike ya faɗa shi za a yi. In Arzika ya ce giyabos ya tafi, motar ta tafi, shi ma ya tattara.

Arzika ya kai takardar hancinsa ya shinshina. "Ya tsufa, amma bai ƙone ba. Da ya ƙone da ka ji ƙauri tun daga nan." Ya shiga mazaunin direba, ya danne birki, ya ja sandar giya zuwa ribas, ya saurara yana ƙirgawa a hankali. Ya mayar da ita gaba, ya sake ƙirgawa. "Ɗaya, biyu, ta kama. Mota mai ciwon giyabos sai ka kai biyar tana tunani, kamar ni in kat tambaye ni shekarar da anka yi yaƙi."

"Kai ko hamsin aka ƙirga ba ka kamawa."

"Ga shi kuwa yau ni ka duba takarda, kai kana tsaye."

Malam bai yi dariya ba, amma ya zauna a bencin da aka nuna masa.

Har azahar Arzika na ƙarƙashin motar. Ya kwance farantin da ke ƙasan giyabos, ya tsiyaye tsohon man, ya fito da wani ɗan maganaɗisu da ke manne a cikin farantin ya kawo wa Malam a tafin hannu. Baƙin laushi ne kawai a jikinsa, kamar kwalli.

"In haƙoran ciki na cin junansu, nan za ka ga ɓarɓashin ƙarfe. Babu. Wagga mota cikinta ya hi nawa lahiya."

Ya canza matatar, ya zuba sabon mai ja wur, suka zaga gari. Suka bi ta kasuwa, suka kutsa cikin masu Keke, suka fita bayan gari inda titi ya miƙe. Motar ta shiga ta biyu, ta uku, ta huɗu, sumul, ba ko tari.

Arzika ya tsaya a gefen titi. "Malam, yanzu ni ka tambaya, kai ka amsa. Da sanyin safe takan yi, ko in ta ɗau zahi?"

"Ba ruwanta da wannan."

"Wurin hawa tudu?"

"Wane tudu ke tsakanin nan da Argungu?"

"To, mi takan yi daidai?"

"Sai in ji ta saki, kamar ba ta da niyyar tafiya. Sannan ta yi ƙara, ta fizge ni gaba har wuyana ya amsa."

"A ina?"

"Ambursa."

"Kullum Ambursa?"

"Zuwa da dawowa."

Arzika ya sosa gemu. "Shekarata talatin ina wanga aiki, ban taɓa ganin giyabos da ya san sunan gari ba. Mu tai mu gani."

Shi ya tuƙa da farko. Fadama ta buɗe musu hagu da dama, shinkafa kore shar, mutane sunkuye a cikinta, injinan ban ruwa na ta tarin hayaƙi. Suka shiga Ambursa, suka wuce masu faci, suka wuce wata babbar bishiyar dogon-yaro da mata ke kasa kaya a ƙarƙashinta, suka fita ɗaya gefen. Motar ba ta ce komai ba.

"Tana jin kunyarka ne," in ji Malam. "Haƙori ma yakan daina ciwo a ƙofar asibiti."

"To zo ka karɓa. Ka tuƙa yadda kas saba, ka manta ina nan."

Suka yi musanyar wuri, Malam ya juya kan motar. Arzika bai kalli titi ba, bai kalli allon da ke gaban direba ba. Ya jingina da ƙofa ya zuba wa ƙafar Malam ta dama ido.

Bishiyar ta fara bayyana daga nesa. Ƙafar ta ɗaga daga kan totur a hankali, kamar ba mai ita ya aike ta ba. Ta matsa ta tsaya a saman birki, ba ta taɓa shi ba. Motar ta saki, gudunta ya ragu. Daidai inuwar bishiyar, ƙafar ta koma ta danne totur har ƙasa. Injin ya yi kururuwa, giyabos ya faɗo daga ta huɗu zuwa ta biyu, motar ta fizga har kan Arzika ya bugi kujera.

"Ka ji ko!" in ji Malam, da wata irin murya mai kama da nasara. "Ka ji ta da kunnenka."

"Na ji. Tsaya nan gaba, Malam."

Ya tsaya. Arzika ya dubi hannayensa masu baƙin mai, da ya yi magana kuwa, babu sauran tsokana a cikinta.

"Irin wagga mota ba ta da ido. Ƙahwarka kawai taka saurare. In ka ɗaga, ta ɗauka tsayawa za ka yi. In kad danne da ƙarhi, ta ɗauka gudu kaka yi daga wani abu, sai ta sauko giya ta taimake ka. Abin da kac ce mata shi ta yi." Ya ɗan juya baya. "Mi ke ƙarƙashin iccen can?"

Malam ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Wata mai bandar kifi," ya ce. "Asiya. Nan Zuhura ke sa ni tsayawa. Kifin minti biyu ne, hirar rabin awa. Ina zaune a nan ina karanta jarida ina huci. Ba wanda ya gaya mata rasuwar. Ba ta da lambarmu, ba ta san gidanmu ba. In na tsaya za ta leƙo ta ce ina Malama."

Wata babbar mota ɗauke da buhunan albasa ta wuce su, iskarta ta girgiza motar.

"Na gaya wa 'yan'uwa, na gaya wa ofishin fansho, na gaya wa banki har sau uku, don su sai da takarda suke yarda mutum ya mutu. Wannan ce kaɗai ta rage wadda a wurinta Zuhura na nan da rai."

Arzika ya goge hannunsa da tsumma, ko da yake ba abin da tsumman zai iya cirewa. "Ni dai zan kira Hajiya Hanifa in ce mata giyabos lahiya lau, don gaskiya ce. Amma Malam, in ka ci gaba da yi mata haka duk Asabar, zuwa da dawowa, wata shida ba ta kai ba. Sannan in an tambaye ni, wata gaskiyar zan hwaɗi. Wanga gyara babu shi a garejina."

Malam ya dubi madubi. Bishiyar na nan a ciki, ƙarama. Ya ja sandar giya zuwa ribas. Ɗaya, biyu, ta kama.

Asiya ta miƙe tun kafin ya kashe injin. Ta fi yadda ya tuna tsufa, ko kuwa bai taɓa kallonta ba ne sai ta saman jarida. Ta zo gefen da Zuhura ke zama, ta ga Arzika, sai ta zagayo ta gefen direba ta ɗan rusuna.

"Malam, sannu da hanya. Ya haƙuri?"

Ya dube ta. "Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Asabar ta hwarko nag ga kujerar ba kowa, nac ce ko ba ta jin daɗi. Ta biyu haka. Ta ukku nag ga ka rage gudu, ka dube ni, ka tsere. Ran nan na yi kukana." Ta gyara mayafi. "Duk sati ina ganinka. Na ce ranar da ya iya, zai tsaya. Allah ya jiƙan Malama, ya sa ta huta."

"Amin," in ji Arzika a madadin Malam.

Ta koma wurin tirenta, ta tsallake manyan kifayen da ke sama, ta zaɓo ƙanana guda huɗu daga ƙasa ta naɗe a takarda.

"Ba ta son ƙanana," in ji Malam. "Kullum tana cewa ƙaya ce zalla."

"Ita ba ta so. Naka ne. Cewa take kai ba ka cin babba, wai ɗanɗanon na cikin ƙananan, kuma ba ka taɓa yarda a gaya maka wani abu ba." Ta miƙa masa ta taga. "Ta ce in ka ci, sai ka ce ba laihi. Ba ka wuce nan."

Arzika ya juya fuska wajen fadama, yana danne dariya.

Malam Abdussamadu ya ɗora ƙunshin a cinyarsa, ya ɓare gefe ɗaya, ya kai ɗan tsoka baki. Ya daɗe yana taunawa.

"Ba laifi," ya ce.

Da suka tashi, ya taka totur a hankali. Motar ta shiga ta biyu, ta uku, ta huɗu, ba wanda ya ji lokacin da ta canza. Ƙanshin banda ya cika ta. Can gaba wani mai babur ya matso su ta baya yana ta hon, Malam ya ɗan kauce gefe ya bar shi ya wuce.