Buhunan da Aka Ƙi Ƙonawa

Wata biyar na yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na sakatariyar ƙaramar hukumarmu, ina buga lamba a bayan tsofaffin fayilolin mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Ni Jogile, da na fito jami'a a Vilnius, babban birninmu, da digiri biyu kan dokar kwangilar gwamnati. Laifina ɗaya ne, na ƙi sa hannu.

Kwangilar gishiri ce. Garinmu kilomita goma sha huɗu ne daga iyakar Belarus, kuma in ƙanƙara ta sauka ba a watsa gishiri a titi ba, ko motar asibiti ba ta iya hawa tudun coci. Shekara ashirin wani ɗan kasuwa, Burneika, ne yake kawo mana shi daga tsallaken iyakar. Sai doka ta ce duk kamfanin da yake ciniki da waccan gwamnatin, mai ɗaure mutum don ya riƙe fure a bakin titi, ba zai ƙara cin kwangilar hukuma ba. A watan Maris Burneika ya kawo takardar rantsuwa cewa ya yanke hulɗa da su tun shekara biyu, yanzu gishirinsa daga Masar yake zuwa ta jirgin ruwa. Na ce to, ina takardar tashar jirgin? Ya ce tana hanya.

Ciyaman Ragauskas ya kira ni ofishinsa.

"'Yar nan, ubanki abokina ne. Sa hannu kawai ake nema, ba wa'azi ba."

"Ranka ya daɗe, a nuna mini jirgin in sa hannu har sau biyu."

"To, je ki ƙasa ki jira jirgin."

Ban ba shi labarin Palina ba, wadda muka zauna ɗaki ɗaya a jami'a, ta koma gida duba mahaifiyarta aka yanke mata shekara huɗu saboda wani hoto a wayarta. Ba ruwansa da wannan. Dokar ma ta ishe ni hujja.

Na sauka ƙasa. Kullum sai na goge rigata, na sa takalmi mai tsini, na wuce ta babbar ƙofa ina ƙwas-ƙwas, don kada wani ya ce ya ga ranar da na sunkuyar da kai. A kantin burodi mata suna cewa, "Ga mai digirin nan. In uwata ta zame ta karye bana, ke za ki yi jinyarta." Na ce musu ina kwana, na karɓi burodina. Abokan aikina na sama suka daina zama kusa da ni wajen shan shayi. Ƙarshen Satumba takarda ta zo: ranar Alhamis kansiloli za su zauna su sallame ni saboda hana ruwa gudu, wani ya sa hannu a madadina.

Ranar Asabar kuwa gayyar haƙar dankali ce a gonar Goggo Genute, yayar mahaifina. A wurinmu ko kana bakin mutuwa sai ka je haƙar dankali, balle kora daga aiki. Tarakta ta bi kunya ta tone, mu kuma muka bi baya da bokitai, mu wajen goma sha biyar.

"Mai digiri, sunkuya da kyau!" Goggo ta ƙwala mini daga can. "Dankali ba ya karanta takardar shaida!"

"Goggo, bokitina na tara ke nan, ke kina na huɗu!"

"Ni nake ba da umarni, mara kunya. Kai Zigmas, riƙe mata bakin buhu."

Zigmas maƙwabcinta ne, tsoho mai gashin baki, shekara goma sha takwas yana lodi a ma'ajiyar Burneika. Ya buɗe mini buhun, na ɗaga bokiti zan juye. Sai na ga rubutu a ciki. Buhun a juye yake, ɗinkin yana waje, hatimin yana ciki. Na ajiye bokitin, na naɗe bakin buhun kamar hannun riga. Baƙaƙen Rashanci ne, shuɗi, da sunan mahaƙar gishirin gwamnatin tsallake, da ranar da aka cika shi. Goma sha ɗaya ga Yuli. Na bana.

 Na ruga wajen buhun gaba, na leƙa. Yuli. Na gaba, Agusta. Na dubi gonar tun daga nan har bakin daji, fararen buhuna a tsattsaye kamar masu jiran mota, duk a juye.

"Baba Zigmas! Ina ka samo waɗannan?"

Ya cire hula, ya mayar. "Buhu ne kawai."

"Baba Zigmas!"

"To, mota tana zuwa, mu zazzage a sabon buhu mai rubutun Masar. Maigida ya ce mu ƙone tsofaffin a bayan ma'ajiya." Ya ɗaga murya kamar ni na ba da umarnin. "A ƙona buhu? Sabo fil, ko ɓera bai taɓa ba? Uwata da buhun fulawa ta ɗinka mana riguna mu shida! In na sa masa ashana, da wane ido zan dube ta a lahira?"

"Shi ne kuka juya su."

"Don kada ya wuce a mota ya ga rubutun. Mu ma ai muna da kai."

Dariya ta kuɓuce mini har na zauna daɓas a kan kunya. Wata biyar ina rubuta wa hukumar tashar jiragen ruwa wasiƙu, ashe amsar tana rumbun kowace tsohuwa a gundumar nan. Na zaro waya zan ɗauki hoto.

Zigmas ya riƙe mini hannu. Ba da ƙarfi ba.

"Jogile, saura shekara biyu in yi ritaya. Kowa ya san ni nake taimakon Genute. In Burneika ya ga hoton gonar nan, kafin Litinin ina gida."

Na dubi buhun, na dubi tsohon. Zaman ɗakin ƙasa duk bai kai wannan wuya ba. Na mayar da wayar aljihu, na ɗauki bokitina.

Da rana muka zauna cin abinci a bakin gona, baƙin burodi da kitse da kokwamba mai tsami. Ni ban taɓa nawa ba. Goggo tana ta kallona tana tauna.

"Zigmas, gida nawa ka raba wa?"

"Ni kaɗai? Kamar ashirin. Sauran 'yan lodin ma kowa ya kai ƙauyensu."

"To, akuya ɗaya in ta shiga gona ita ake ɗaurewa. In garke ne, wa za a kama?" Ta share wuƙarta a zani. "Ke, ci abinci. Ranar Alhamis ƙarfe nawa?"

"Goma. Goggo, matan nan fa ba sa ko amsa gaisuwata."

"Ai ba don ke za su zo ba. Burneika ya ce musu daga Masar yake kawowa shi ya sa ya ƙara wa kowa kuɗin gishiri. Bari a tashi daga coci gobe."

Ranar Alhamis na shiga zauren majalisa da ƙarfe goma saura kwata. Kansiloli ashirin da ɗaya suna zaune, Burneika yana kujerar baƙi da kwat ɗinsa mai ruwan toka, yana murmushi kamar uban amarya. Na dubi ƙofa. Ba kowa. Ciyaman ya karanta tuhumar, ya tambaye ni ko ina da abin cewa. Na miƙe na karanta musu sashen dokar a hankali, kalma bayan kalma, har wani kansila ya yi hamma da gangan. Na sake duban ƙofa. Har yanzu ba kowa.

"Mun ji doka," in ji Ciyaman. "Hujja fa?"

Hujjar tana bakina, amma sunan Zigmas yana manne da ita. Na ce, "Ba ni da abin da zan iya nunawa."

"To, sai mu kaɗa..."

Sai muka ji hayaniya a matakala, mai gadi yana cewa, "Iya, ba a shiga da kaya!" wata murya kuma tana cewa, "Matsa, ni na yi wa uwarka rakiya asibiti ranar da za ta haife ka!"

Ƙofa ta buɗe. Goggo Genute ce a gaba da ɗankwalinta na zuwa coci, bayanta mata sun cika matakala har waje. Kowacce da buhu a naɗe a hammata. Wata ma ba ta tsaya zazzagewa ba, ta jawo nata da rabin dankali a ciki. Har da matan kantin burodi. 

"Genute, mene ne haka?" in ji Ciyaman. "Nan ba kasuwa ba ce."

"Mun zo nuna maka Masar, ranka ya daɗe."

Ta ɗora buhunta a kan teburinsa, ta cusa hannu ta juyo shi. Ƙasa ta zubo a kan takardar korata. Sauran ma suka shiga juyawa, fat, fat, fat, ƙura ta tashi, kansiloli suna tari, shuɗin hatimi ya rufe teburin daga wannan kai zuwa wancan.

Burneika ya miƙe. "Tsofaffin buhuna ne! Na tun kafin doka!"

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in karanta?" Ban jira izinin ba. Na ɗauki na farko. "Goma sha ɗaya ga Yuli, bana." Na biyu. "Uku ga Agusta, bana." Na uku, na huɗu. Muryata ta cika zauren, ban taɓa jin daɗinta haka ba. Da na kai na goma matan suka fara amsa mini "bana!" tare, kamar a coci.

"Kayan kamfanina ne aka sace!" Burneika ya daka tsawa, fuskarsa ta yi ja. "Wa ya ba ku?"

 Magatakarda ya ɗago kai daga rubutunsa.

"Maigida Burneika, in rubuta cewa naka ne?"

 Burneika ya juya ya nuna wata tsohuwa da yatsa. "Ke! Wa ya ba ki?"

"Tsinta na yi."

"Ke fa?"

"Iska ce ta kawo shi tsakar gidana."

"Ni gado na ci," in ji ta ukun, aka fashe da dariya har da kansilolin ɓangaren Ciyaman.

Ragauskas ba wawa ba ne. Ya dubi matan nan, duk masu ƙuri'a, ya dubi wakiliyar jaridar gunduma da take ta ɗaukar hoto, ya karkaɗe ƙasar da take kan takardar korata, ya ninke ta biyu ya sa a aljihu. Aka kaɗa ƙuri'a kan cire kamfanin Burneika daga takara da miƙa maganar rantsuwar ƙarya ga hukumar sama. Hannu goma sha tara suka tashi. Na ƙirga su sau biyu.

Ciyaman ya yafito ni. Ya yi ƙasa da murya.

"Ki koma teburinki. Amma ki sani, saura mako shida ƙanƙara ta sauka, kuma ba mu da ko cokali ɗaya na gishiri. In tudun coci ya daskare, matan nan da suke tafa miki su za su fara jifanki."

"Ranka ya daɗe, kamfani uku sun nemi kwangilar nan a Afrilu, ba wanda ya buɗe ambulan ɗinsu. Biyu suna da kaya a tashar jiragen ruwa ta Klaipeda."

"Ke kika sani. Mako shida."

Na cire takalmana na riƙe a hannu, na ratsa ta tsakiyar matan, wata tana jan kumatuna, wata tana cewa in tabbatar an fara watsawa ta layinsu. Na haura matakala bibbiyu zuwa hawa na biyu. Wani ya mayar da teburina wurin ajiye tukunyar fure. Na sauke ta ƙasa, na jawo waya, na buga lambar kamfani na farko.