Farin Falmaran a Cikin Jaka

Tauno Harjula ya goge farin falmaran ɗinsa da hannunsa, ya naɗe, ya sa a jaka. Baƙin falmaran ya saka a ƙarƙashin kwat, don shi ake sawa da rana. Farin na liyafar yamma ne. Ba wanda ya gayyace shi liyafar.

'Yarsa Marjut ce za ta kare kundin digirinta na dakta a ranar. A sanarwar jami'a ya gani, kamar kowa. Ƙuruciyarsa da tsufansa duk a jami'ar nan suka ƙare, yana koyar da shugabanci da yadda kamfani ke ɗaukar darasi daga kuskurensa. An kira shi zuwa Brazil, an kira shi zuwa Koriya, manyan daraktoci na rubuta abin da ya faɗa. Yana Koriya ciwon matarsa ya tsananta. Ya ce bari ya ƙarasa makon. Marjut ce ta rufe mata ido. Tun daga nan ta ajiye sunansa, ta ɗauki na dangin uwarta, Salmela.

A ƙofar ɗakin taron ya ci karo da Sirkka, ƙanwar marigayiyar, tana kakkaɓe ƙanƙara daga takalminta.

"Kai! Wa nake gani? Yau jirgin bai tashi ba ne?"

"Na yi ritaya, Sirkka."

"Mun ji. Duniya ta huta. Me ke cikin jakar?"

"Takardu."

"Takardu." Ta dube shi sama da ƙasa. "Zauna can baya, tsoho. Kuma ka kama bakinka, don Allah. Ranarta ce."

Ya zauna a baya.

Jama'a suka miƙe. Marjut ta shigo cikin baƙar riga, malaminta na biye da doguwar hularsa a hannu, sai baƙuwar da aka ɗauko daga Norway ta jarraba ta. Binciken a kan wata masana'antar takarda ne da aka kwashe injinanta zuwa wata nahiya. An tura tsofaffin ma'aikata suka koya wa sababbi aikin, suna dawowa aka sallame su. Marjut ta nuna abin da kamfanin ya manta da tafiyarsu. A hanya ta rushe rabin littafin ubanta, ba ta ko ɗaga murya ba. Bai ji zafi ba. Daɗi ma ya ji. Hannun uwarta gare ta, yadda take ɗaga shi idan ta zo kan muhimmiyar magana.

Baƙuwar ta gama tambayoyinta, ta ce ta gamsu. Sai Marjut ta juyo ga jama'a, ta faɗi abin da ake faɗa: wanda ke da ja a kan wannan aiki, ya nemi izini ya yi magana.

A al'ada, ba a magana a nan. Wanda ya yi, dole mai digirin ta gayyace shi liyafa, shi kuma dole ya gode ya ƙi. Kowa ya san haka. Tauno ya sani fiye da kowa. Rabin farko na al'adar ya dogara da shi, na biyun bai bar kansa ya tuna ba.

Ya miƙe. Ya ji Sirkka ta ja tsaki.

Tun a gida ya shirya tambaya mai laushi, wadda za ta amsa da murmushi. Amma da ya ga mumbari da kujeru, bakinsa ya koma aikin da ya saba.

"Kin yi hira da waɗanda aka sallama kaɗai. Wanda aka kora, me zai ce a kan kamfani ban da sharri? Ina daraktocin?"

"Na neme su, Farfesa Harjula. Sun ƙi. Na faɗi haka a babi na shida."

"Faɗin giɓi ba ya cike shi."

Kunnuwan Marjut suka yi ja.

"Haka ne," ta ce. "Giɓi ne."

Malaminta ya yi maza ya rufe taron.

A waje aka jera kofi da kek. Tauno ya tsaya jikin taga, kofi a hannu, bai kurɓa ba. Tsofaffin ɗalibansa na gaishe shi daga nesa su wuce. Can Marjut ta taho, furanni sun cika mata hannu. Mutane suka rage murya.

"Farfesa Harjula, tunda ka yi tambaya, ina gayyatarka liyafar yamma."

Ta faɗa daidai yadda ake faɗa. Amma ba ta juya ba. Ta tsaya. Ta dubi jakar, ta dubi fuskarsa.

"Baba," ta ce, a hankali.

Ya ga malaminta na kallo. Ya ga shugaban tsangaya, yaron da shi ya koyar, yana kallo. Bai taɓa jin wanda ya karɓi irin wannan gayyata ba. Gobe za a ce Harjula ya caccaki 'yarsa a bainar jama'a don ya samu abincin dare.

"Na gode, Dakta Salmela. Ina da wani uzuri."

Ta gyaɗa kai. Ta gyara riƙon furanninta. Wani ya kira ta a ɗauki hoto, ta tafi.

Yana saka babbar rigar sanyinsa Sirkka ta iso.

"Uzurin me? Kai da ko kyanwa ba ka da ita?"

"Haka ake cewa."

"Haka ake cewa! Tun makon jiya ta sa a ajiye kujera ɗaya kusa da ni. Na ce ta wa, ta ce ba ta sani ba tukuna."

Hannunsa ya tsaya a kan maɓalli.

"Koma ka gaya mata, wawan tsoho."

Ya leƙa. Marjut na tsakiyar mutane, ta ba shi baya. In zai koma, dole sai ya ratsa su duka, ya taɓa kafaɗarta, ya janye maganarsa a gabansu. Ya ƙarasa ɓalla maɓallin.

"Na riga na amsa."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Rana ta faɗi tun kafin la'asar, kamar yadda take yi a wannan watan. Bas ɗinsa ta zo, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta wuce. Yana zaune a tashar, jakar a kan cinyarsa.