Ambulan Biyu a Asibitin Isa

Sodangi ya sunkuya zai ja buhun gero daga bakin rumfa ke nan, sai ya ji hannu a kafaɗarsa.

"Haba Alhaji, bari in kama maka. Kai da anka ce ka daina ɗaukar nauyi."

Abdurra'uf ne, maƙwabcinsa a layin 'yan hatsi na kasuwar Sabon Birni, mutumin da ko takalminsa zai sa sai ya tsaya ya huta. Sodangi ya dube shi tun daga hula har tumbi, ya ɗaga buhun shi kaɗai, ya jefa shi kan 'yan'uwansa.

"Wa yac ce?"

"To, magana ta dai. Kowa na hwaɗi."

Kwana tara ke nan kowa na faɗi. Wata uku da suka wuce wasu masu bincike suka sauka a wani asibiti a Isa, suka ce duk mai so ya tofa miyau a 'yar kwalba, za su duba ƙwayoyin gadon da ya samo daga iyaye, su faɗa masa ko zuciyarsa na cikin haɗarin ciwo. Sodangi ya je ne don kada a ce shugaban ƙungiyar 'yan hatsi ya ji tsoron kwalba. Da sakamakon ya zo a ambulan, da Turanci, sai ya miƙa wa Usaini, magatakardan ƙungiyar, wanda suka je Isa tare ran nan shi ma ya tofa nasa. Usaini ya karanta, ya cire tabarau, ya yi salati. Kafin rana ta faɗi har masu dako sun san zuciyar Sodangi na jiran sa'a.

Yau kuma bayan la'asar za a zaɓi shugaba. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa tsayawa kusa da kujerar. Bana Usaini ya tsaya, wai don tausayi.

Sodangi ya ja tabarma ya rufe hatsinsa, ya tare ɗan kabu-kabu, ya ce Isa.

Kan hanya ɗan kabu-kabun na tafe yana leƙen daji dama da hagu, kamar yadda kowa ke yi yanzu a wannan hanyar saboda 'yan bindiga. Sodangi ya yi tsaki a ransa. Mutanen da ke bin nan kowane mako, ba su san ko za su kwana gida ba, su ne yau suke jin tsoron miyau a madadinsa.

Likitar da ya tarar, Zahra'u, ba ta kai 'yarsa ta biyu shekaru ba. Ya ajiye mata takardar a tebur da yatsu biyu, kamar mai ɗauke da mataccen ɓera.

"Ɗiyata, ku ne kunka rubuta ranar mutuwata?"

Ta karanta a natse. "Baba, ba mai wannan ilimin sai Allah. Abin da takardar ta ce, in an tara mutum ɗari masu irin gadonka, waɗanda ciwon zuciya zai kama a cikinsu sun fi na sauran mutane yawa. Amma da yawansu ba abin da zai same su."

"To ni ina cikin waɗanne?"

"Ba mu sani ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Kun kwashi miyau har Turai, kun dawo da ba mu sani ba. Mai duba a ƙasa ma ya hi ku ƙarhin hali."

"Kuma yawancin waɗanda aka auna aka samo lissafin ba mutanenmu ba ne," in ji ta. "Shi ya sa muke wannan aikin."

"Ashe ma awon wani gari anka yi mini da mudun wani gari."

Ba ta musa ba. Ta ce ya naɗe hannun riga. Ya naɗe don kada ta zaci gudu yake yi. Abin awon ya matse masa damtse, ya sake. Ta dubi lambar, ta ce ya huta, ta sake aunawa.

"Mahaifinka, me ya yi ajalinsa?"

"Ajali."

"Ya yi jinya?"

Sodangi ya dubi taga. Mahaifinsa ya faɗi ne a gonarsu ta Gangara, fartanya a hannu, ga furar da aka kawo masa ko buɗewa bai yi ba. Yayan Sodangi, Ibrahima, kuma ya zauna alwala ne bai tashi ba. Dukansu ba su kai shekarunsa na yau ba.

"Bai yi ba," ya ce.

"Baba, bar takardar nan gefe. Jininka ya hau, kuma ba kaɗan ba. Wannan ba hasashe ba ne, yanzu na gani da idona, kuma yana da magani." Ta rubuta, ta ɗauko ƙwayoyi a 'yar leda. "Ɗaya kullum. Ka rage gishiri da kitse. Ka dawo bayan mako biyu."

Ya bar ledar a tebur har ya miƙe. Sai ya ɗauka ya cusa can ƙasan aljihu, kamar abin da ya tsinta bai so a gani.

Yana bakin ƙofa ta ce, "Baba, tunda daga kasuwar Sabon Birni kake, ko ka san wani Malam Usaini, magatakardan 'yan hatsi? Sau huɗu muna kiran wayarsa ya zo ya karɓi tasa ambulan. Da ya ji daga ina ne sai ya kashe."

Sodangi ya juyo a hankali. "Mi ke ciki?"

"Wannan tsakaninsa da mu ne."

"Ai ko," ya ce. "Da haka kowa ya iya."

Ya iso taron an riga an shimfiɗa tabarmi a bayan rumfunan dawa. Usaini na tsaye yana jawabi da murya mai taushi, irin ta mai gaisuwar mutuwa. Ya ce ba wanda ya kai shi ƙaunar Alhaji. Ya ce shugabanci wahala ne, da zuwa sakatariya, da rigimar masu haraji, da rakiyar motoci har iyakar Nijar. Ya ce zunubi ne a ɗora wa mara lafiya kayan da zai kayar da shi. Mutane na gyaɗa kai, waɗanda Sodangi ya sha fiddo wa kaya daga hannun jami'ai, suna satar kallon ƙirjinsa.

Da aka ba shi magana bai tashi ba.

"Na hito Isa yanzu. Likita ta ce ba ta san ranata ba. Ta kuma ba ni saƙo." Ya juya. "Usaini, ta ce ka tai ka amshi taka takarda. Sau huɗu suna kiranka kana kashe waya."

Wani ya yi tari. Usaini ya buɗe baki, ya ce ayyuka ne suka yi masa yawa, ya ce layin ne ba ya da kyau. Ba wanda ya dube shi da kyau, kowa ya shiga raɗa da na kusa da shi. Wani dattijo ya ce, to, ɗaya takardarsa ta yi muni, ɗaya kuma ba a san me tasa ta ƙunsa ba, a nemo wanda ba shi da takarda mana.

Aka nemo Abdurra'uf. Shi tun farko ya ƙi tofawa, ya ce ba mai raba shi da miyansa a kai wa matsafa. Hannuwa suka tashi kusan duka. Sabon shugaban ya yunƙura sau biyu kafin ya miƙe, ya yi godiya yana haki, yana share gumi da hula.

Sodangi bai ɗaga hannu ba, bai kuma yi gardama ba. Ya koma rumfarsa ya yaye tabarmar kan hatsi. Yana cikin gyara mudu sai inuwa ta tsaya a kansa.

"Alhaji." Muryar Usaini ta yi ƙasa. "Ta hwaɗa maka abin da ke ciki?"

Sodangi ya ci gaba da share bakin mudun da tafin hannu.

"Ni ba ni leƙen takardar wani."

Usaini bai tafi ba. Ya tsaya yana murza hularsa.

"In za ka," in ji Sodangi, "ka tai da sahe. Da rana layi na da tsawo."

Ya jira har takun Usaini ya ɓace a cikin hayaniyar kasuwa. Sannan ya juya wa hanya baya, ya laluba ƙasan aljihu, ya ɓallo ƙwaya ɗaya, ya kora da ruwan buta.