Mace ta Huɗu

Mildred ta dawo garinsu, Gidan Waya, da jaka mai tambarin jami'arta ta Turai, wadda ta ce ta shekara ɗari bakwai da ginawa. Sau uku ta faɗi haka kafin ta sha ruwa. Wai a can sai da baƙar riga ake cin abinci, ciyawar tsakar makaranta kuma manyan malamai kaɗai ke takawa.

Bincike ya kawo ta, a kan mata masu noman citta. Dokar makarantar ita ce sai mata goma sun sa hannu a takardar yarda, in ba haka ba aikinta na shekara biyu ya tashi a banza. Jirginta kuma ranar Juma'a ne.

Laraba da hantsi ta iske 'yan Zumuntar Mata a bayan coci suna tsaga citta za su shanya. Ko yaro ya san in ka zo wurin tsaga, zama kake yi ka ɗauki wuƙa, hira ta biyo baya. Mildred kuwa ta tsaya a kansu da farin takalmi, ta buɗe kwalin tawada.

"Iyayena, kowa za ta dangwala yatsa a nan. An yi shi ne don waɗanda ba su yi makaranta ba."

Mama Lucia, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya, ta goge hannu a zani, ta sa tabarau, ta karɓi takardar ta karanta har ƙasa.

"Wa ya rubuta maki wannan?"

"Farfesana ne, Mama. Babban masani ne a kan Afirka."

"Ya taɓa zuwa nan?"

"Ya je Kenya."

"Ashe maƙwabcinmu ne," in ji Mama Jacinta mai jan waƙa, wuƙarta ba ta tsaya ba. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Mama Lucia ta ɗora yatsa a kan wani layi. "Nan an ce za a ɓoye sunana, a kira ni Mace ta Huɗu. Ke, da kina fitsari a ajina, da lamba nake kiranki?"

"Don a kare ku ne, Mama."

"Daga wa?"

Mildred ta duba takardar kamar amsar na ciki. Mama Lucia ta miƙa mata abarta, ta jawo kwandon citta.

"Matsa, 'yata, kin tare mana rana."

Ta matsa. Sauran matan ko kai ba su ɗaga ba. Ranar Alhamis ta shiga motar Abuja da takardu goma, farare fat yadda ta zo da su.