Kwalekwalen da Ya Ɗauki Takardu

Jiya da dare, ina cikin duba takardun jarrabawa barci ya sace ni, na yi wani mafarki. Ni malamin shirya manhajar kwamfuta ne, kuma kullum ina gaya wa ɗalibaina: "Ba sai kun rubuta wa na'ura nau'in kowane abu ba. Za ta gane da kanta daga yadda kuka yi amfani da shi." To, sai ga ni a ƙasar da wannan magana ita ce doka.

Muna bakin wani kogi ni da matata Saude, ina rungume da takardun. Ruwan yana tsaye cik, gaɓar ce ke tafiya. Gidanmu yana can tsallake.

Wani kunkuru mai tabarau ne ke ba da hayar kwalekwale. Na yi sallama, na ce, "Sunana..."

"Riƙe abinka," in ji shi. "Nan ba a tambaya, kallo ake yi. Ga alli a hannun rigarka, malami ne kai. Wannan kuma tana hararar ka ba ta tsoro, matarka ce."

Ya nuna mini kwalekwalen. "Komai yana ɗauka. Jiya ya ƙetarar da raƙumi, da ranar Laraba, da atishawar wani tsoho." Ya miƙo mini allo. "Za ka rubuta abin da zai ɗaukar maka?"

"Ba sai na rubuta ba," na ce da murmushi. "Zai gane."

Na fara ajiye takardun a ciki don kada su jiƙe, sannan na miƙa wa Saude hannu. Kwalekwalen ya ja da baya kamar jaki.

"Na takarda ne," in ji kunkuru.

"Ba ka ce komai yana ɗauka ba?"

"A hannuna, komai. Da na miƙa maka shi ba rubutu, abin da ka fara ɗora masa shi ne nau'insa. Ba kai ka koya wa yara haka ranar Talata ba?"

Ni ne kuwa.

Sai ga mu a kotu, alƙalin kuma kunkurun ne dai, ya sa rawani. Ina ta ƙoƙarin tabbatar masa cewa Saude ma takarda ce.

"Ana ninke ta?" ya tambaya.

"Malam," in ji Saude, "ninke ni ka gani."

Na roƙi a ba ni allon in rubuta "kowa da komai". Aka ce kafin amfani ake rubutawa, ba bayansa ba.

Sai ga mu a bakin kogin kuma. Na sa ƙafa a kwalekwalen don in kwaso takardun, ya karɓe ni ba gardama.

"Ni ya aka yi ya yarda da ni?"

Kunkurun ya gyara tabarau. "Mun duba. Kai takarda ne."

Gaɓar ta ci gaba da tafiya da Saude. Tana ta ƙanƙancewa, tana cewa, "Shekara goma sha tara da aure, Malam, amma takardu ka fara sakawa?" Ina ta tuƙi da jan biro, ruwan bai motsa ba.

Ƙarar cokali yana kankare ƙasan tukunya ce ta tashe ni. Gari ya waye. Takardun suna baje a gefen gadon da Saude ke kwanciya, filonta kuma yana ƙasa a kan tabarma.