Ƙulli Biyu a Bakin Zani

Tun ranar da wayarta ta faɗa tukunyar kunu, Mama Hephzibah take sa ta a leda ta ɗaure a bakin zani, ƙulli biyu. Waya dai ta tsira. Amma sanyin ƙashi ya mai da yatsun tsohuwar kamar busasshiyar kuɓewa. Kafin ta kwance, ƙarar ta yanke, wata mata mai magana ta hanci ta amsa a madadinta, wai a bar saƙo.

Matar nan ce ta shiga tsakaninta da autanta Mordecai. Soja ne, yana can daji, da wayar sansani yake kira, wadda lambarta ba ta fitowa balle a bi kira. Tun kafin Ista rabonta da jin muryarsa, kuma abin ya ishe ta.

Ranar Talata ta ja gwiwoyinta daga Samaru har Sabon Gari, rumfar Nedu mai gyaran waya.

"Ɗana, kada ka kori matar nan, ko wata rana yaron zai bar saƙo. Ka dai sa ta jira ni."

"Mama, to ki daina ƙulle ta mana."

"In ta sake faɗawa kunu, kai za ka saya mini wata?"

Nedu ya yi dariya, ya daddanna lambobi. "Na kai ta ƙarshe, daƙiƙa talatin. Kamfani ba ya ba da fiye da haka." Ta mai da wayar leda ta ƙulle, ya kira ta don gwaji. Ta kwance, ta amsa, har da saura. Ta sa masa albarka kamar ita ta haife shi.

Ran Lahadi, ta dawo daga coci ke nan, wayar ta ɗau ƙara. Yau babu gaggawa. Ta kwance ƙulli na farko, ta kama na biyu, sai ƙarar ta yanke daidai inda take yankewa a da. Ta duba, babu lamba. Shi ne. Kuma ba matar ce ta riga ta ba, da kansa ya kashe.

Sai ta tuna. Ita ce ta koya masa, ranar da ta saya masa wayarsa ta farko: "In ba a ɗauka ba, ka kashe kafin matar nan ta cinye maka kati." Tun daga nan ya haddace lokacin da matar take shigowa, yana kashewa gab da shi. Mordecai kuwa bai taɓa tsallake maganarta ba.

Ta zauna a bakin gado da wayar a tafin hannu, ko ɗankwalin coci ba ta cire ba.