Lamba Sau Biyu

Shekarar da agana ta addabi ƙauyukan Kware, Turawa suka turo masu lamba cikin Sakkwato. Ladan mai lamba ya bi yaran Ƙofar Kware yana tsaga musu dantse, har da Zulaihatu, 'yar Jinaidu dillalin shanu. Ita kaɗai gare shi, ba ya haɗa ta da komai.

Ladan bai fita zaure ba Hajjo, mahaifiyar Jinaidu, ta yanka lemun tsami ta dirje wurin tas. Haka matan unguwar suke yi, wai kada dafin Nasara ya shiga jini. Kwana bakwai dantse sumul, tsohuwa sai fara'a take, ita ga mai dabara.

Jinaidu kuwa hankalinsa ya tashi. Ya sha ganin Fulani suna tsaga hancin lafiyayyar saniya, su cusa ɗan yankin huhun wadda ciwo ya kashe. Hanci ya kumbura, ta yi kwana biyu ba kiwo, shi ke nan ciwon huhu ya bar ta. Ya tambayi Ladan ko lamba ma haka take. Ladan ya ce ƙwarai. Abin da ake sawa ɗan'uwan agana ne marar ƙarfi, jini ya gan shi ya shaida kamanninsa, ya ƙera makamin da ya dace da shi ya ajiye. In wurin bai kumbura ba, jini bai ga komai ba.

Aka sake tsaga wa Zulaihatu a ɓoye. Jinaidu ya ce wa tsohuwa suna aka yi a Kalambaina, ya saɓi 'yarsa ya kai wa ƙanwarsa can, nesa da lemun Hajjo. Da suka dawo ƙurji har ya yi ɓawo, Hajjo ta gani ta dafe ƙirji.

"Kai wanga, saniya ka maishe min da jika?"

"Inna, saniyad da anka yi ma hakanga, nononta kika sha kullum."

Ta yi mako ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Da bazara agana ta shigo unguwa, ta kwantar da yara gida-gida. Zulaihatu ko zazzaɓi ba ta yi ba, sai tsalle-tsalle da ɓarna. Ran nan Hajjo ta janyo ta, ta yi ta shafa kumatunta masu santsi, sannan ta taɓa nata da zanzana ta huda tun tana yarinya. Ta yi dariya har da hawaye don daɗi, ta aika a kira Ladan, ta ce ita za ta tsare dantsen yaran maƙwabta da kanta, kada kowa ya dirje da lemu.